Musaya a Gadarif

Kwana arba'in cif da muka yi musaya,
ni da Attayib, jikan Malam Haladu.
Na ba shi baƙin babur ɗina, Dattijo,
da cikon riɗi buhu biyu da rabi,
ya ba ni ja, ɗan ƙasar Sin,
mai madubai tsaye kamar kunnen zomo.
Ɗan Gayu suke ce masa a unguwa.

Yau muka haɗu gindin darbejiya,
wurin Batulu mai shayi, bayan kasuwar hatsi.
Ta tura gahawa cikin garwashi, ta daka citta.
Muka kafe baburan kafaɗa da kafaɗa,
kowa ya ja kujera yana gyaran murya.

Ya ce, "Yaya mutumin naka?"
Na ce, "Iska ce aka sa wa taya.
Jiya a kan kwaltar Madani na wuce lori uku,
direban ƙarshe har da ɗaga mini hannu."
Ban ce masa ranar Laraba sarƙa ta zame ba,
na turo shi tun daga layin dogo har gida,
jallabiyata ta sha baƙin mai zuwa gwiwa,
yara na bina suna tambayar ko sayarwa zan yi.

Ya ce, "Dattijo kam sai godiya.
Mai kaɗan ya kai ni Doka ya dawo da ni,
ga dawa buhu biyu, ga ƙanena a baya."
Na kalli ƙafarsa.
Babban yatsa naɗe da tsumma.
Na san wannan cizon.
Dattijo ba ya son a taka shi da fushi:
sau biyu a hankali, a jira ya yi tari,
a na uku a sakar masa nauyi.
Shekara tara ina lallashinsa kowace asuba,
amma ranar ciniki bakina bai kai nan ba.

Shi ma ai bai ce mini
Ɗan Gayu na gudun laka kamar mage da ruwa ba.
Ga damina ta kankama,
ƙasar Gadarif kuwa baƙa ce, mai riƙo,
in ta kama taya sai an kira maza huɗu.

Na ce, "Fitilar nawa tana haska kunama daga nesa."
Ya ce, "Nawa ko ba fitila ya san hanyar gona."
Na ce, "A da ke nan, da yake da mai shi."
Muka yi dariya, ba ta yi nisa ba.

Sai na hango ya shafa fenti a gefen tanki,
daidai inda ya lotsa
daren da aka haifi Sakina,
da na faɗi a kwanar asibiti, ruwa na zuba,
na tashi ban ko duba gwiwata ba.
Ya yi kyau, fentin.
Na kurɓi gahawa, ta ƙona mini harshe.

Shi kuma yana ta satar kallon madubin hagu
da na ɗaure da waya.
Ya buɗe baki, ya rufe.

Batulu ta ce, "Ku dai!
Tun la'asar kowa na yabon nasa,
idonsa na kan na wani.
Kofi na uku ke nan, wa zai biya?"
Muka biya rabi da rabi.

Hadari ya taso ta wajen Habasha,
ladan ya kira magariba.
Muka miƙe da sauri, kowa na lalube a aljihu.
Na ɗora ƙafa, na zura makulli, ya ƙi shiga.
Na sake juyawa, ya ƙi.
Sai na ji kujerar ta zauna mini daidai,
ramin da na yi shekara tara ina yi.

Na waiwaya.
Attayib na kan ja, makulli a hannu,
yana goge ɗigon ruwa daga tanki
da bakin rawaninsa.